In kai goɗiyar Baba barbara, ko in haƙura?

Sagiru: Assalamu alaikum jama'ar barga. Shawara nake nema, kuma ina roƙon manyanmu su faɗa mini gaskiya ko ba za ta yi mini daɗi ba. Akwai goɗiya a hannuna, gunya ce, ta mahaifina ce, Allah ya ji ƙansa. Da aka zo rabon gado ba wanda ya nuna yana son ta sai ni, aka yi mata kuɗi aka cire a kasona. Shekararta 14 bana. Sau biyu ta haihu a hannun marigayi, rabonta da haihuwa shekara 5 ke nan. Hali kam ba a magana, ƙaramin yaro ma yana jan ragamarta. Abin da ke raina shi ne in kai ta barbara, ko Allah zai ba ni duƙushi daga jininta kafin ƙarfinta ya ƙare. Inda nake jin tsoro: cikin gari nake zaune, turke ɗaya gare ni, albashi nake jira duk wata, sannan duk rani sai ta rame har ka iya ƙirga haƙarƙarinta. Me kuka gani?

Alhaji Mai Akawal: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa mahaifinka. Kawo ta kawai, Sagiru. Ingarmana ɗan Sudan ne, duk wanda ya gan shi ranar hawa ya san ba na yabon banza. Ba wani abu mai yawa za ka bayar ba, kuɗin harawa ne. Bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci.

Bashir Sukuwa: Wallahi Yaya Sagiru kar ka bari wannan damar ta wuce ka. Jinin Sudan a kan goɗiyar gida shi ke ba da doki mai tsawo da numfashi. In ka samu namiji ka gama.

Baba Na-Barga: Ku dakata da maganar ingarma tukuna. Sagiru, ɗana, tambaya biyu zan yi maka. Ramar nan ta rani, abincin ne ba ya isa, ko kuwa tana ci ne ba ya kama jikinta? Sannan 'ya'yan nan biyu da ta haifa, ina suke yanzu, kuma yaya suka fito?

Sagiru: Baba, abinci ina iya ƙoƙarina. Amma in ta sa baki a gero, kusan rabi ƙasa yake zuba, kaji sun riga sun gane, da an ajiye mata kwarya suke taruwa ƙarƙashinta. Harawa kuma wani lokaci sai ta tauna ta tauna ta furzar da ita a dunƙule, jiƙe da miyau. Haƙoranta na gaba na sama sun ɗan zarce na ƙasa, tun ina yaro haka na san ta. 'Ya'yan kuwa, na farko namiji ne an sayar da shi, ta biyu mace ce, ina jin tana ƙauyenmu wajen wani abokin kawuna. Zan bincika.

Likita Hadiza: Malam Sagiru, Allah ya ji ƙan Baba. Abu biyu ka faɗa a nan, kuma ba ɗaya suke ba.

Na farko, furzar da harawa a dunƙule da zubar da hatsi. Wannan yawanci daga haƙoran tauna ne na can ciki. Haƙorin doki ba ya daina fitowa sai tsufa ya yi nisa, tauna ce ke cinye shi. In cin bai tafi daidai ba sai gefen haƙoran ya yi kaifi, yana yankar kumatu da harshe, dabba tana son ci tana jin zafi. Ana gyara wannan, magagari ne na musamman ake goge kaifin da shi, kuma sau da yawa cikin 'yan makonni za ka ga jiki ya fara dawowa.

Na biyu shi ne wanda ya fi damuna: na sama sun zarce na ƙasa tun tana ƙarama. Wannan halittar muƙamuƙi ce, ba a goge ta, kuma tana cikin abubuwan da ake ganin suna bin jini. Ba dole ne kowane ɗa ya ɗauko ba, amma masu kiwon dawaki da suka san abin da suke yi suna guje wa haifar da irin wannan. Shi ya sa tambayar Baba ta biyu take da nauyi. Ka nemo 'yar nan, a buɗe bakinta a gani.

Sannan shekaru. Goɗiya mai 14 tana iya haihuwa, babu musu. Sai dai daga wajen 15 ɗaukar ciki yana raguwa, ɓari yana ƙaruwa, musamman wadda ta daɗe ba ta haihu ba. In kuma ramammiya ce, bayanta yana zurmawa ciki, kashi yana sauka a kan gabanta, ƙazanta tana samun hanyar shiga mahaifa. Irin wannan za ka kai ta wajen ingarma sau uku sau huɗu, ba ta ɗauka ba, kai kana zargin ingarma.

Isufu na Maraɗi: Likita, gaisuwa da girmamawa, amma ku bari in ce wani abu. Mu nan ƙauye goɗiya tana haihuwa har ta kusa shekara ashirin, ba likita ba allura. Ka tashi da safe ka tarar da duƙushi tsaye gindin gawo shina shan nono. Kakanninmu haka suka yi, kuma dawakin da kuke hawa a birni da yawansu daga hannunmu suka fito. Kada a tsorata yaron nan da abin da Allah ya sauƙaƙa.

Baba Na-Barga: Isufu, gaskiyarka, kuma ni ma ƙauye na taso. Amma faɗa masa sauran. Goɗiyarka tana kiwo a fadama da damina, da kaka tana cin karan gonarka da harawar wakenka, kuɗi ba ya fita aljihunka. Duƙushinka yana da fili, yana gudu bayan uwarsa tun yana kwana biyu, ƙafarsa tana yin ƙwari. Shi Sagiru kowane dami saye zai yi, ruwa ma wataƙila saye yake, kuma duƙushin da ya tashi a lungu tsakanin bango da turke ba ya yin ƙafa. Ba goɗiya ɗaya kuke magana a kai ba.

Isufu na Maraɗi: Wanga kam haka ne, Baba. Ban yi musu ba.

Hajiya Binta: Ni ba mahayiya ba ce, amma shekara da shekaru ni ke riƙe da lissafin abincin dawakin gidanmu, don haka bari in yi magana ta wannan ɓangaren. Sagiru ƙanena, ɗauki biro. Ciki wata 11 ne. Shayarwa wata biyar ko shida. Bayan yaye kuma duƙushi ba ya ɗaukar sirdi sai ya kai shekara uku, in dai ba so kake ka karya shi ba. Ka haɗa, shekara huɗu ke nan kana zuba wa baki biyu dusa da harawa da gero da kanwa, ba ka hau ba, ba ka sayar ba. Je ka tambayi kuɗin buhun dusa yau, ka tambayi damin harawa a watan Afrilu da Mayu lokacin da take tsada, ba a watan Nuwamba ba. Ka ninka. In abin da ya fito zai taɓa kuɗin makarantar yaranka ko cefanen gidanka, ka san amsarka. Kuma ka zauna da maiɗakinka ku yi maganar, don ranar da ka tafi aiki ita da yara ne za su ji da ban ruwa da shara.

Alhaji Mai Akawal: Hajiya, in da lissafi ake bi ba wanda zai ɗaure doki a ƙasar nan. Doki ba don riba ake kiwonsa ba. Alheri a ƙulle yake a makwarkwaɗar dawaki har tashin ƙiyama, haka ya zo a hadisi.

Malam Sani: Hadisin ingantacce ne, Alhaji, Buhari da Muslim duk sun kawo shi. Amma a cikin littattafan nan biyu dai aka kawo cewa doki ga wani lada ne, ga wani sutura, ga wani kuma zunubi. Kuma a nan aka kawo labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. Duk dabbar da ka ɗaure, ciyar da ita ya zama wajibi a kanka. Wadda kuma kai ka yi sanadin zuwanta duniya da gangan, ai nauyin ya fi. Don haka lissafin Hajiya ba rashin tawakkali ba ne.

Tunda an ambaci kuɗin harawa, bari in ƙara da wannan, don ana yawan tambayata. Ya tabbata daga Ibn Umar cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana karɓar kuɗin barbarar namijin dabba. Malamai da yawa sun ɗauki hanin a kan kowane irin ciniki. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayani: abin da aka hana shi ne a ce biya kaza har sai ta ɗauki ciki, domin ba wanda ya san ko za ta ɗauka. Amma a yi ijara a kan kwanaki sanannu ko hawa sananne, sun halatta. Kyautar da mai goɗiya ya bayar don kansa ba tare da sharaɗi ba, wannan akwai rangwame a kanta a hadisin Anas da Tirmizi ya kawo. In za ku yi, ku fayyace tun farko.

Alhaji Mai Akawal: Allah ya gafarta Malam, na ji kuma na karɓa. Ni dama ba ciniki nake nufi ba. In ya kawo ta, ko bai ba da komai ba ba zan tambaya ba.

Baba Na-Barga: Akwai abin da har yanzu ba wanda ya taɓo, kuma a wurina shi ne babba. Bashir ya ce in ka samu namiji ka gama. To in mace ce fa? Ba mai zaɓa. Ku duba duk hawan da ake yi, Hawan Daushe da Hawan Nassarawa a Kano, Hawan Bariki a Katsina da Zariya, ku nuna mini wanda ya fito a kan goɗiya. Birni ingarmu ake ɗaurewa. Duƙusa a cikin gari ba ta da mai nema, kuma in ta kai shekara biyu ta fara neman namiji, duk ingarmun unguwa sai sun hana mutane barci, wani ya tsinke igiya, a wayi gari ana rigima da maƙwabta. Sagiru, ka riga ka san wannan da uwar. To ka ƙara ta biyu.

In ma namijin ne, kafin ya cika shekara dole ka raba shi da uwarsa, don zai iya hawanta. Turke na biyu ke nan, da katanga a tsakani. Kana da wurin?

Sagiru: Gaskiya Baba ba ni da shi. Na yi tunanin in namiji ne in roƙi wani ya ɗaure mini a bargarsa.

Baba Na-Barga: Ka fara roƙon tun yanzu, ka ji abin da za a ce maka. Kar ka bari sai duƙushi ya faɗo.

Bashir Sukuwa: Baba, amma in abin ya gagara ai sai a sayar. Kasuwa ba ta ƙin doki.

Hajiya Binta: Ba ta ƙi, Bashir, amma ka tambayi wa ke saye. Dokin da ya rame, ko mai aibi a baki ko a ƙafa, ko goɗiyar da ba mai so, dillalan da ke lodi zuwa kudu su ke ɗauka. Akwai babbar kasuwar dawaki a Obollo-Afor ta jihar Inugu, kuma mafi yawan waɗanda ke sauka can yanka su ake yi. Ni ban ce komai a kan masu cin abinsu ba. Amma mutumin da ya ce don ƙaunar mahaifinsa yake son jinin goɗiyar nan, ya kamata ya san inda jinin zai iya ƙarewa in riƙo ya gagare shi.

Isufu na Maraɗi: Ni abin da ya ɗan tsaya mani shi ne girman ingarman Alhaji. Ɗan Sudan dogo a kan goɗiya ƙarama, kada ɗan ya yi mata girma wajen fita.

Likita Hadiza: Mutane da yawa suna jin wannan tsoron, Malam Isufu, amma a dawaki mahaifar uwa ce ta fi ƙayyade girman ɗa a ciki. An gwada a Ingila tun 1938, aka haɗa manyan dawakin jan kaya da 'yan ƙananan dawakin tsibirin Shetland, ƙananan iyaye mata suka haifi 'ya'ya daidai jikinsu. Abin da ya fi kawo wahalar haihuwa shi ne kwanciyar ɗa ba daidai ba, ƙafa ta lanƙwashe ko kai ya juya baya. Inda girman ingarma ke da haɗari shi ne wajen hawan kansa, zai iya ji mata ciwo.

Tunda mun zo nan, bari in faɗa wa Malam Sagiru abin da ke jiransa in ya yanke shawarar yi, don ya auna da kyau.

Goɗiya tana neman namiji kusan duk kwana 21, neman yana ɗaukar kwana biyar zuwa bakwai, ƙwan kuma yana sauka ne a kwana ɗaya ko biyu na ƙarshe. Shi ya sa hawa ɗaya a ranar farko sau da yawa ba ya ba da komai. Bayan barbara da kwana 14 zuwa 16 ya kamata a yi mata hoton ciki. Ba don a san ta ɗauka kawai ba, don a duba tagwaye. A shanu da awaki tagwaye abin murna ne, a doki kuwa mafi yawa ɓari suke ƙarewa a watannin ƙarshe, wani lokaci har da uwar. In an gani da wuri akwai abin da likita zai yi. Ba kowane gari ke da na'urar ba, amma asibitocin koyarwa na dabbobi, irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da na Jami'ar Maiduguri, nan ne wuraren da za a fara tambaya.

Wata ukun ƙarshe a nan ɗa ke yin mafi yawan girmansa, abincinta dole ya ƙaru. Lokacin shayarwa kuwa buƙatarta tana kusan ninkawa, ruwa ma haka. Goɗiyar da ba ta iya riƙe jikinta ita kaɗai da rani, ku yi tunanin yadda za ta koma da ɗa yana tsotsonta. Akwai maganin tsutsar ciki, akwai cire kaska, akwai allurar tetanas wata ɗaya zuwa sati shida kafin haihuwa, don kariyar ta bi dakashi, wato nonon farko, ta isa ga ɗan.

Ranar haihuwa kuma, yawanci da dare ne, kuma abin da sauri yake. Daga fashewar ruwa zuwa fitowar ɗa minti 20 ne zuwa 30. In ya wuce haka ba ci gaba, ɗan yana cikin haɗari, ba irin saniya ba ce da za a jira gari ya waye. Bayan ya faɗo, mu abin da muke koya wa masu dawaki shi ne ɗaya, biyu, uku: cikin awa ɗaya ya miƙe, cikin awa biyu ya kama nono, cikin awa uku mabiyiya ta faɗo. Dakashin nan na farko shi ne duk garkuwar jikinsa, kuma hanjinsa yana daina karɓar ta bayan kwana ɗaya. Don Allah masu matse dakashi su zubar wai ƙazanta ne, su daina. Tambayata gare ka, Malam Sagiru: ƙarfe biyun dare, wa za ka kira, kuma minti nawa zai ɗauka ya iso?

Baba Na-Barga: Maganar mabiyiyar nan ku riƙe ta da kyau. Na gani da idona a gidan wani maƙwabcinmu. Goɗiya ce hurde, kyakkyawa, ta haihu lafiya bayan sallar isha'i, kowa yana barka. Mabiyiya ta ƙi faɗowa, tana reto har ƙasa. Wani ya ce a ja, aka ja, ta tsinke, aka ce ai ta fita. Kwana biyu goɗiya ta daina ci, jiki zafi, wari yana fita. A na uku na je na dafa kofatonta na gaba, zafi rau kamar an ɗora a wuta, ta tsaya ta miƙe ƙafafun gaba ta jingina nauyinta baya, ko taku ɗaya ta kasa. Kafin likita ya zo daga birni aiki ya riga ya ɓaci. Duƙushin da nonon akuya aka raine shi, yaran gidan suna tashi cikin dare suna ba shi a kwano. Ya rayu, amma bai taɓa yin jiki ba. Mai gidan nan da kuɗinsa, ba talaka ba ne. Abin da ya rasa shi ne wanda zai gaya masa awa uku.

Sagiru: Inna lillahi. Baba, wallahi wannan ne abin da na fi tsoro. In na rasa ta a garin neman ɗanta, ban san yadda zan ji ba.

Likita Hadiza: Abu ɗaya ya rage, kuma Alhaji ya yi haƙuri, ba da shi nake ba. Ingarma ma ana duba shi. Akwai wani nau'in sammore da ba ƙuda ke kawo shi ba, ta barbara ake ɗaukarsa, yana farawa da kumburin gaba, ya zo da rama da shanyewar ƙafafun baya. Akwai kuma ƙwayoyin cuta da ingarma ke kwasowa daga wata goɗiya ya kai wa wata, shi ba abin da ya same shi. Sannan a duba ƙafafunsa, da bakinsa, da 'ya'yan marainansa ko duka biyun sun sauka, don wannan ma yana bin jini.

Alhaji Mai Akawal: Likita, dokina lafiyarsa ƙalau, ko tari bai taɓa yi ba. Amma ban ƙi a duba shi ba. Ke ma ki zo da kanki, ƙofa a buɗe take. Ni dai abin da nake gani, ana ta jera wa yaron nan abin tsoro, shekara kuma tana tafiya. In bai yi bana ba, baɗi tana da 15. Wata rana zai ce da na sani.

Bashir Sukuwa: To in za a yi, wane wata ya fi? Ni na ji an ce a yi barbara a Yuli, ta haihu a Yuni, ɗanyar ciyawa ta fito.

Isufu na Maraɗi: Mu haka muke so. Ɗa ya faɗo farkon damina, uwa ta samu ɗanya, nono ya yi yawa.

Baba Na-Barga: A ƙauye haka ne. A gari ni na fi son haihuwar kaka, Oktoba zuwa Nuwamba, wato barbara a Nuwamba ko Disamba. Harawa sabuwa ce kuma da araha, dusa ta samu, ƙasa ta bushe, ƙuda da sauro sun ja baya. Damina a lungun gari caɓi ne, cibiyar duƙushi ba ta son caɓi.

Likita Hadiza: Ina tare da Baba a nan, saboda ciwon nan na dawaki da ƙananan ƙwari ke yaɗawa, waɗanda ba su kai sauro girma ba, masu cizo da magariba da asuba. Shi ne mai kumbura saman ido da wuya, wani dokin kumfa ta fito masa ta hanci ya faɗi cikin 'yan kwanaki. Da damina da ƙarshenta ya fi tashi. Dawakin gida sun fi na waje jure masa, amma ba a sakaci da shi. A tambayi likitan yanki maganar rigakafi, a kuma riƙa shigar da su rumfa da hayaƙi kafin rana ta faɗi.

Hajiya Binta: Ni har yanzu ban ga abin da ya hana a bi hanya mai sauƙi ba. In doki na biyu kake so, Sagiru, ka tara kuɗinka ka je Maigatari ranar Alhamis ko Mai'aduwa ranar Lahadi, ka tafi da Baba ko wani mai ido. Ka ga duƙushi a tsaye, ka san namiji ne, ka buɗe bakinsa, ka sa a ja shi ka ga takunsa. Ba ka sa ran goɗiyarka a haɗari ba, ba ka jira shekara ba.

Sagiru: Hajiya, na gane, amma ba doki na biyu nake nema ba. A kanta Baba ya koya mini zama a sirdi. Ita nake so kar ta ƙare.

Na yi waya da kawuna yanzu a kan 'ya'yanta biyun nan. Namijin ba wanda ya san inda ya shiga, hannu ya canza da yawa. Macen tana nan a ƙauye. Na sa an buɗe bakinta an turo mini hoto. Irin na uwar ne, har ya ɗan fi fitowa. Mai ita ya ce ita ma zubar da hatsi take yi, sai ya jiƙa mata dusa.

Likita Hadiza: To ka ga. Ɗaya cikin biyu ta ɗauko, ɗayan ba mu sani ba. In ra'ayina kake tambaya a matsayin likita, ba zan ba ka shawarar barbara ba. In ka ce sai ka yi, ba zan ƙi taimaka maka ba, amma sai an gyara haƙoranta, ta yi jiki har haƙarƙari ya ɓuya, an duba mahaifarta, kuma an samu ingarma mai daidaitaccen baki.

Alhaji Mai Akawal: Bakin nawa daidai yake, a zo a gani. Kuma na sha ganin goɗiya mai aibi ta haifi doki tsaf. Ni ban sauka daga ra'ayina ba.

Baba Na-Barga: Ana samu, Alhaji, ban ce ba a samu ba. Amma in ya fito da aibin, ba a bargarka zai tsaya ba. Sagiru, ni dai ga tawa: jinin da kake nema yana raye, ga 'yarta can a ƙauye tana cin ciyawa. Ka je ka gan ta. Wannan kuma da ke hannunka, in ka kula da ita tana iya ƙara shekara goma tare da kai. Ka ɗora 'ya'yanka a kanta yadda aka ɗora ka.

Isufu na Maraɗi: In kuma zuciyarka ta ƙi haƙura, akwai hanyar da muke bi: ka ba da ita kiwo ƙauye wajen amintacce mai fili da harawa, a yi yarjejeniya a kan 'ya'ya gaban shaidu. Amma ka sani, in ka ba da ita ba kullum za ka gan ta ba, kuma ba kowa zai jiƙa mata dusa kamar kai ba.

Malam Sani: In za a bi ta nan, a zo a zauna tukuna, don ba da kiwo a kan ɗan da ba a haifa ba akwai magana a kansa wajen malamai. Akwai yadda ake tsara shi ya inganta.

Sagiru: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Bana dai ba zan kai ta ba. Zan fara da haƙoran, in ga yadda za ta fita daga ranin nan. Alhaji, na gode da karamci, kar ka ji komai. Ƙauye kuma zan shiga ƙarshen wata in ga 'yar da idona. Likita, gyaran haƙorin nan a gida ake yi ko sai na kawo ta? Kuma akwai abin da zan canza mata a abinci kafin nan?

Likita Hadiza: A gida ake yi, a tsaye, da 'yar allurar kwantar da hankali, bai fi rabin awa zuwa awa ɗaya ba. Ka samu mutum ɗaya mai ƙarfi da zai riƙe kai, da bokitin ruwa mai tsabta. Kafin nan ka riƙa jiƙa mata dusa, geron a ɓarza shi, ka raba abincin sau uku ko huɗu a rana maimakon sau biyu, harawar kuma ka zaɓi mai ganye ka rage mai kara. Ka ɗebi ɗan kashinta na safe a leda mai tsabta ranar da zan zo, zan duba tsutsa. Ka turo mini unguwarku ta akwatin sirri mu sa rana.